Rasuwar Nagode, Motar da Aka Gine a Tsakar Gida

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da ba ya ɓoyuwa, Malam Barau mahauci, na cikin tsohon gari a Talata Mafara, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Mafara da Bakura da Maradun, da duk inda labari zai kai, rasuwar motarsa Nagode. Ta cika da hantsin Larabar da ta wuce, bayan doguwar jinya, a tsakar gidansa, daidai inda ta shafe shekaru tana tsaye tana kallon bango. Mai rashin yana tare da ita a lokacin, hannunsa a kan makulli. Yana roƙon a yi masa uzuri idan sanarwar ta yi tsawo. Wanda aka yi wa rashi ba ya iya taƙaitawa, kuma akwai maganganun da ke yawo a gari waɗanda ya kamata a daidaita su tun kafin a zauna makoki.

An haifi marigayiya a ƙasar Faransa, ta ƙetaro teku tana budurwa, fara sol, da ɗan ratsin azurfa a ƙugunta. Ubangidanta na farko wani akawu ne a kamfanin da ya zo aikin madatsar ruwa ta Bakolori, shi ne kuma ya sa aka rubuta mata Nagode a gilashin baya, sunan da ya bi ta har ƙarshe. Waɗanda suka ga shekarun nan sun san yadda Mafara ta koma: manyan motoci na shige da fice, baƙi daga kowace kusurwa, kowa da yunwarsa. Barau ne Allah ya ba kwangilar kai nama madafar barikin ma'aikata, inda Turawa ke cin naman da sauran jini a jikinsa. Kullum da sassafe sai ya ɗaure cinyar bijimi a bayan keke ya kama hanya, ƙudaje na yi masa rakiya. Arziki ya zo masa da gudu, hankali kuwa ya biyo baya a ƙasa. Ranar da aka yi wa akawun canjin wurin aiki, Barau ya jingine keke ya sayi Nagode, ya je ya koyi tuƙi a filin idi, inda babu abin bugewa.

Duk wanda ya san marigayiya zai shaide ta da haƙuri da kawaici. Ba ta taɓa buge ɗan kowa ba, ba ta taɓa take akuyar maƙwabci ba, ba ta taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba. Ba ta da haɗamar mai. Mahassada suna cewa waɗannan halaye ba abin yabo ba ne ga motar da ba ta zuwa ko'ina, amma mai rashin yana roƙon a jingine wannan magana sai bayan arba'in. Muryarta kuwa ba mai manta ta. In an murɗa makulli sai ta ce kir-kir-kir, ta ɗan yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta amsa, burrum. Ham ɗinta siriri ne mai ladabi, fiif-fiif, irin sallamar wanda ya san gidan mutane ya zo.

Jarrabawarta ta fara tun ranar da aka kawo ta. An yi taro, makaɗan mahauta sun zo da kalangu, mata na guɗa daga bayan katanga. Barau ya ɗauko ta daga bakin titi, hula a karkace, gwiwar hannu a kan taga, ya nufi gida. A bakin lungunsu ta sa hanci, ta ƙara matsawa kaɗan, sai madubin dama ya gaisa da katangar Liman, na hagu ya gaisa da ta Sarkin Fawa, ta tsaya cak. Lungun nan kakanni ne suka tsaga shi daidai faɗin jaki da mangala, jakin ma sai marar ƙiba. A cikinsa Barau ya yi rarrafe, a cikinsa ya yi wasan ƙasa, ta nan aka kawo masa amarya, amma bai taɓa lura da ƙuncinsa ba sai ranar. Kafin ya saya ya duba inji, ya duba taya, ya bubbuga jikinta yadda yake taɓa ƙugun saniya a kara, amma ko a mafarki bai yi tunanin auna hanyar gidansa ba. Ƙofofi suka ƙi buɗuwa, bango ya tokare su. Makaɗa ba su san abin da ake ciki ba, suka ci gaba da zuba masa kirari, shi kuwa yana ciki yana zufa yana ɗaga wa jama'a hannu, har aka taru aka turo su baya, shi da ita.

Daga nan marigayiya ta shiga rayuwar raɓe-raɓe, yau a nan, gobe a can. An fara ajiye ta a gindin durumin bakin kasuwa. Talatar farko Barau ya zo ya tarar kasuwa ta ci ta. Mai barkono ya baza hajarsa a kan murfin inji, mai tabarmi ya jingina nasa a gefe, wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono a inuwarta tana ciniki, an kuma ɗaure jaki a ƙarfen bayanta. Ba ta ga hanya ba sai da kasuwa ta tashi. Aka mai da ita gaban masallacin Juma'a, inda fili yake, ta sha iska har ranar da sahu ya fito waje ya iske ta. Ladan ya aiko da saƙo mai taushi, cewa ko dai ta yi alwala ta shiga sahu, ko ta ba mutane wuri. Ta kuma yi zama a ƙofar gidan wani attajiri, har gari ya fara taya attajirin murnar sabuwar mota, shi kuma yana amsawa da fara'a. Wannan ya fi komai ƙona wa Barau rai. A ƙarshe aka kai ta tasha, can bakin sabon titi, aka damƙa ta a hannun maigadi.

Daga gidan Barau zuwa mahauta ba nisa, in an yi kira da ƙarfi ma ana ji. Tasha kuwa tana can gaba da mahauta nesa. Saboda haka kullum sai ya taka da ƙafa ya wuce wurin aikinsa, kansa a sunkuye, ya je tasha ya ɗauko mota, ya dawo da ita baya, don kawai a gan shi ya sauko daga cikinta. Da yamma ya mayar da ita ya tako gida. A zamanin keke Barau yana da tumbi. A zamanin mota ya zube, takalmansa suka suɗe, har matarsa Taiba ta ce ita ba ta taɓa ganin mai mota da faso irin nasa ba.

Sai Allah ya kawo sauƙi ta inda ba a zata ba. Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, katangar bayan gidan Barau ta zube. Bayan katangar akwai wani kango da ba kowa, kangon kuma yana buɗewa ga burtalin da ake koro shanu zuwa mahauta. Maƙwabta suka zo jaje, suka tarar da maigida yana murmushi yana auna giɓin da igiya. A ranar ya shigo da Nagode ta burtali, ta kango, ta giɓin, ya tsayar da ita tsakanin rumbu da madafi. Ƙanensa Yari, wanda suke gida ɗaya, ya kwaɓa ƙasa ya buga tubali don a ɗinke katangar, Barau ya ce a tara tubalin gefe, giɓin nan rahama ne, a rataya masa zana ya isa. Watannin nan su ne amarcin marigayiya, kuma mai rashin ba ya tuna su sai idonsa ya kawo ruwa. Yana alwala yana kallonta, yana cin tuwo yana kallonta. Ya rataye makullin a wuyansa tare da laya. Ya kuma tara mutanen gida da na unguwa ya shaida musu da babbar murya cewa duk wanda ya taɓa motar nan ba ya nan, ko da tura ta ne taki ɗaya, bai yafe ba duniya da lahira. Ana roƙon masu karatu su riƙe wannan magana, domin ita ce asalin ciwon ajali.

A lokacin ruwan madatsa ya fara hawa, ana ta tashin ƙauyuka a ƙasar Maradun. Cikinsu har da ƙauyen su Taiba, inda mahaifiyarta ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Sunanta Marka. Takarda ce ta faɗa, bakin Barau bai taɓa furta sunan nan ba kuma ba zai furta ba. Inna yake cewa, ita ma sai ya kama dole. Labari ya zo cewa an kai su sabon matsuguni a kan tsakuwa, tsohuwa ta ƙi ci ta ƙi sha, za a kawo ta wurin 'yarta. Barau yana shirin tafiya fataucin shanu, tafiyar da ba a yin ta da ƙaramar mota. Ya kira Yari ya ce masa in surukarsa ta iso kafin ya dawo, kada a raɓa ta a ɗakin kowa kamar baƙuwa, a gina mata nata, mai kyau, kuma kada a jira shi. Ya faɗi haka da ƙarfi don Taiba ta ji. Ya ji daɗin kansa ƙwarai, ya hau babbar mota ya tafi, makulli na lilo a ƙirjinsa.

Bai daɗe da tafiya ba tsohuwa ta iso a bayan akori-kura, da ƙunshin kayanta, da turmi, da tukunya, da ƙyauren ɗakinta na can, wanda ta ƙi yarda ta bar wa ruwa. Yari mutum ne mai cika umarni. Ya duba gida, gidan cikin gari, duk inda ya kai ido ɗaki ne ko rumbu ko turken tumaki. Filin da ya rage shi ne giɓin katanga, ga kuma tubali a tare kusa da shi ya bushe ƙayau. Dattawan unguwa suka ce ai dama ba a ajiye suruka a gida mai ɓaraka a baya. Aka kira gayya. Wani ya ce a fitar da motar tukuna, aka tuna makulli yana wuyan mai ita. Wani ya ce to a tura ta, aka tuna bai yafe ba. Mahauta majiya ƙarfi, waɗanda mutum biyu ke kayar da bijimi, suka tsaya kewaye da Nagode hannuwa a baya, ba wanda ya yarda ya je lahira da hakkin Barau a wuya. Suka yi bisimilla suka fara ɗora tubali. Sun kuwa yi aiki mai kyau, gini mai kauri, da azara, da yaɓe ciki da waje, aka kafa wa tsohuwa ƙyaurenta na gida.

Barau ya dawo da tsaraba. Ya shigo ta zaure, ya ga Nagode inda ya bar ta, ƙurar da ke jikinta na shaidar ba a taɓa ta ba, ya ji sanyi a ransa. Sannan ya ɗaga ido ya ga ɗaki a inda hanya take, a ƙofar ɗakin kuma surukarsa na zaune tana kaɗi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, kai a ƙasa, ya yi gaisuwa mai tsawo: gajiyar hanya, da mutanen can, da baƙunta, da haƙurin rabuwa da gida. Ta kau da fuska gefe yadda ya kamata, ta amsa a hankali, ta sa masa albarka a kan ɗakin da ya gina mata, ta ce yadda ya rufa mata asiri Allah ya rufa masa. Ya ce amin. Mai rashin yana shaida cewa tun da yake bai taɓa ɗaukar amin mai nauyin wannan ba.

Wanda bai san surukuta ba zai ce abin mai sauƙi ne, a je a yi mata bayani. Barau da ba ya cin abinci in tana tsakar gida, ba ya haɗa ido da ita, in ya hango ta a lungu sai ya tuna ya yi mantuwa ya koma, shi ne zai buɗe baki ya ce a rushe mata ɗaki? Ya bi ta wurin Taiba. Ya fara da zancen zafin ɗakin, ya biyo ta zancen gara, ya kewaya ya kewaya. Taiba ta bar shi har ya kai aya.

"Maigida," ta ce, "so kakai in tahi in hwaɗa ma innata ta tashi, ƙarhe za shi wucewa? Ga ta can zaune. Tahi ka hwaɗi da bakinka."

Bai je ba. Ya nemi wasu hanyoyi. Ya auna zaure, sai ya tuna bayan zauren lungu ne. Ya je bariki ya roƙo direban motar ɗaga kaya, mutumin ya zo ya ga hanyar gidan, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya sha ruwa ya koma. Ana cikin haka aikin madatsa ya ƙare, Turawa suka tattara nasu ya nasu, kai nama bariki ya tsaya. Barau ya janyo keke daga bayan rumbu ya buga masa iska.

Amma bai taɓa tauye wa marigayiya hakkinta ba. Da galan yake shigo mata da mai ta lungu. Kowace safiya sai ya sa hula, ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya gyara madubi, ya tayar da ita, ya yi gaba har hancinta ya kusa bango, ya dawo baya har tumaki su watse, ya kashe, ya fito, ya hau keke. A kasuwa aka sa masa suna direban tsakar gida. Abokan sana'a in sun gan shi sai su tambaye shi ya hanya, ya ce lafiya lau, babu ko gargada. Dokar hana taɓawa ta mutu da kanta, tunda ta riga ta gama aikinta. Taiba na shanya kuka da kuɓewa a kan rufin, kaji suka mai da but, ma'ajiyar kaya ta baya, ɗakin haihuwa, in an yi baƙi na kunya kuma a cikinta ake zaunar da su a kawo musu fura.

Akwai wani tunani da kowa a unguwa ya yi a zuci, ba wanda ya furta: tsohuwa ta tsufa, motar kuwa yarinya ce. Shi kansa Barau, in abin ya gifta masa, sai ya yi a'uziyya ya zaɓo hanta mai kyau ya aika mata. Tsohuwa ta ci hanta ta ƙara lafiya. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaga zancen motar ba. Kullum dai tana share ƙarƙashinta, da bazara ta sa a lulluɓa mata zana, da la'asar ta shimfiɗa tabarma a inuwarta ta yi kaɗi. Ta taɓa ce wa Taiba su biyu ne baƙi a gidan nan, ita da farar, kuma duk ba su da wurin zuwa.

Ciwo ya fara da tari. Kir-kir-kir ɗin ya ƙara tsawo, burrum ɗin ya zama sai an yi lallashi. Hayaƙi ya yi baƙi, tayoyi suka fara tsagewa, ɓeraye suka shiga cikin wayoyi. Aka kira Ɗantani bakanike, ya shigo da jakar ƙarafunansa, ya kara kunne ya saurara. Ya ce ciwon zama ne, motar da ba ta gudu jininta daskarewa yake yi. In an fitar da ita bana ta sha titi za ta tashi, in ba haka ba a fara haƙuri. A makon nan kuma Labaran, wanda ya sayi kangon baya, ya aiko da gaisuwa, ya ce gari ya cika, da an gama girbi zai ɗora gini, in maƙwabcinsa yana da wata bukata da kangon to yanzu ne. Barau ya kasa cin abinci. Yari ya ce abin ba wuya, a mai da Inna ɗakin Taiba na ɗan lokaci, a rushe, a fitar da mota, a gina mata wani. Barau bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai dubi ƙasa. Yari ya ɗauki shirun a matsayin izini, ya je ya yi magana da masu diga. Taiba da ta ji ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, can ƙauye ma haka aka ce musu, su tashi, za a gina musu wani.

Ba wanda ya faɗa wa tsohuwa, amma gida ɗaya ake. Da safe Barau ya fito da makulli a hannu, masu diga na tsaye a zaure, sai ya tarar ta riga kowa. Ta fito da ƙunshin kayanta tsakar gida, da turmi, da tukunya. Ta cire ƙyauren da hannunta ta jingina shi a jikin rumbu. Tana zaune a kan ƙunshin, mayafi a ka, hannuwa a kan gwiwa, irin zaman wanda ya san mota zai jira. Ba ta dube shi ba. Ta yi magana da 'yarta.

"Taiba, hwaɗa mishi su yi aikinsu. Ni na saba tashi. Ita ba ta saba zama ba."

Barau ya dubi ƙyauren. Tsohon ice ne, ya sha hannu har ya yi sheƙi, an ciro shi daga wani gida da yanzu kifi ke kwana a cikinsa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ta fi ta ranar lungu nesa ba kusa ba. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kuma a karon farko tun aurensa, in ban da gaisuwa, ya yi wa surukarsa magana kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Inna, ki gahurce ni. Ba a ƙara tashin ki. Ba gidanga ba."

Ya miƙe ya ɗauki ƙyauren da kansa ya mayar da shi mazauninsa. Ya sallami masu diga da goro. Sannan ya shiga cikin Nagode ya rufe ƙofa, don ya san abin da ya yanke mata, ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka. Goshinsa ya danne ham, ta ce fiiif, dogo, har kaji suka tashi. Mutanen gida duk suka yi kamar ba su ji ba, kuma yana gode musu.

Bayan girbi Labaran ya yi gininsa, hanya ta rufe har abada. Marigayiya ba ta nuna fushi ba. Ta ci gaba da amsawa in ta iya, in ba ta iya ba ta yi shiru. A ƙarshe gaba da bayan ma ya gagara, sai dai a tayar da ita ta ɗan yi numfashi a kashe. Ranar Laraba Barau ya sa hula ya shiga kamar kullum, ya murɗa makulli. Ta ce kir, ta huta, ta sake cewa kir, can ƙasa-ƙasa. Sai ta ce tak. Ɗantani ya zo ya ɗaga murfin inji, ya daɗe yana kallo, ya mayar da shi a hankali, ya miƙa wa Barau hannu.

Ta rasu ta bar mai ita, wanda har yanzu in ya tashi da safe hannunsa na zuwa wuya neman makulli. Ta bar tayar safaya, marainiya, wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak na ɗaga mota da ba a taɓa neman taimakonsa ba. Ta bar yayanta keke, wanda ya ga zuwanta ya kuma ga tafiyarta bai ce komai ba. Ta bar kaji da jikokinsu, waɗanda yanzu ke neman masauki. Ta kuma bar aminiyarta Inna, wadda ke nan cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara mata, kuma mai rashin yana faɗin haka har zuciyarsa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi Liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ya yi ta'aziyya mai kyau. Tunda gawa ba za ta bi lungu a haɗe ba, kuma gida na mahauta ne, an yanke shawarar a yi mata watanda, yadda ake haɗuwa a kan saniya a kasa ta kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa. Za a fara ranar Asabar da hantsi. Ɗantani ne zai yi fiɗa, maƙera su taya shi da kurfi da guduma. Barau zai tsaya a kan rabo, amma ya roƙi kada a ba shi komai ya riƙe. Kayan ciki za su tafi Bakura, inda masu injin ban-ruwa suka ce za su amfana. Tayoyi za a yanka guga da takalma a kai kasuwar Maradun. Wani mai lambu daga Morai ya roƙi ƙofofin gaba don ya tare awaki. Ta haka marigayiya za ta fita ta zaure kamar kowane ɗan gida, ta kuma je duk garuruwan da aka sha yi mata alkawari.

Kujerar baya ba ta cikin rabo. Inna ta aiko ta bakin Taiba cewa tana so a bar mata, don shekara da shekaru tana leƙa ta ta gilashi, kuma ita ba ta taɓa zama a kujerar mota don daɗi ba. Barau zai ɗauka da kansa ya ajiye a ƙofar ɗakinta ya ja da baya. Filin da marigayiya za ta bari kuwa, kada wanda ya gan shi a buɗe ya kawo wa Barau tallan wata motar. An riga an ba da shi. Za a kwashe ƙasar da ta sha baƙin mai, a kawo taki daga mahauta, Inna za ta shuka kuɓewa da yakuwa in damina ta faɗi. Rabonta da shuka tun kafin ruwa ya hau gonarta.

Za a zauna karɓar gaisuwa a zauren gidan har kwana uku. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu auna hanyoyinmu kafin mu saya. Masu zuwa daga nesa a mota ana roƙonsu su bar ta a tasha su tako da ƙafa, su bi lungun Liman ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu babu wurin ajiyewa.